Bahon jakuzi na kusurwa: kayan ba laifi, amma haɗin da ake yi masa a gida akwai gyara

A shagunan kayan banɗaki na Ƙofar Ruwa a Kano da na Dei-Dei a Abuja, bahon da ya fi ɗaukar ido shi ne farin nan na kusurwa, mai santimita 150 a kowane gefe, wanda ke cin mutum biyu. Da yawa daga cikinsu daga Foshan ta ƙasar Sin ake shigo da su, kuma kowa jakuzi yake ce musu, ko da kamfanin Jacuzzi bai san da zamansu ba. Sunan na wasu 'yan'uwa ne 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya. Su suka fitar da injin motsa ruwan wanka a 1956, sannan a 1968 Roy Jacuzzi ya ƙera baho mai bututu da inji a jikinsa. Abin da ake sayarwa a kasuwanninmu kwaikwayon wannan tsarin ne, kuma a gaskiya kwaikwayon bai yi muni ba. Jikin bahon yana ƙarko, injin yana aiki, tausar ruwan tana sauke gajiyar baya da ta ƙafa. Inda ake samun matsala shi ne abin da ke ƙarƙashinsa da wayar da ke kai masa wuta, kuma waɗannan biyun ba sa zuwa cikin kwali.

Abin da kwalin ke ɗauke da shi: bahon kansa a kan firam ɗin ƙarfe mai ƙafafu shida zuwa takwas da ake murzawa, murfin gaba, injin tura ruwa mai ƙarfin doki ɗaya, wato wajen wat 750, bakunan feshi shida ko takwas manya da wasu ƙanana a wurin jingina baya, kan famfo da shawar hannu, da wata robar magudana mai lanƙwasa. Masu tsada suna ƙarawa da injin hura iska, hita mai wat 1500 ko 3000, fitilu masu launi, rediyo da allon taɓawa. Duk wanda ya nemi shawara a nan, mai sauƙin ya fi. Maɓallin iska, wanda in ka danna yake tura iska ta siririyar roba zuwa makunnin da ke jikin inji, babu wuta a cikinsa ko kaɗan, hannunka a jiƙe ba ya kusantar lantarki. Allon taɓawa kuwa yana da akwatin kwakwalwa a ƙarƙashin baho, shi ne ke fara mutuwa in wuta ta yi sama da ƙasa, kuma samun irinsa daidai bayan shekara biyu wahala ne, don kowane kamfani da nasa.

Kafin a biya kuɗi a sa yaran shago su cire murfin gaba. Jikin bahon akirilik ne, wato roba mai tauri da ƙyalli, da aka goya masa zaren gilashi ta baya. A haska tocila daga ƙasa a duba ta ciki: in haske ya ratso fili-fili a kusurwoyi da gindi, goyon ya yi siriri, wurin nan ne zai fara tsagewa. Mai kyau yana da katako ko faranti mai kauri manne a gindinsa, kuma in an taka cikinsa ba ya lotsawa. Firam ɗin ma a dube shi. Ƙarfen da aka shafa wa fenti kawai yakan yi tsatsa cikin 'yan shekaru a danshin ƙarƙashin baho. Ana gwadawa da maganaɗisu, in ya manne sosai baƙin ƙarfe ne. Amma rashin mannewa ba shaida ba ce cewa silba (ƙarfe maras tsatsa) mai lamba 304 ce, domin mai lamba 201, wadda ta fi arha kuma ta fi saurin tsatsa, ita ma maganaɗisu ba ya kama ta. Sai a dubi bututun feshi: a ce suna gangarowa zuwa inji ko magudana, kada a ga inda suka yi ciki kamar igiyar shanya, don nan ruwa zai riƙa kwana.

A auna ƙofar banɗaki da kwanar matakala tun kafin mota ta kawo kaya. Tsayin bahon kan kai santimita 60 zuwa 70, ƙofar banɗaki kuma sau da yawa 75 ce, saboda haka a gicce yake shiga, wani lokacin sai an cire ƙyaure. Kada masu ɗauka su kama shi ta bututu. Sau da yawa yoyon da ake gani a ranar farko daga nan yake, an ja bututu an ɓalle gam ɗin mahaɗa.

Nauyi da abin da zai ɗauke shi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Wannan bahon yana shan wajen lita 250 kafin ruwa ya rufe bakunan feshi yadda ya kamata. Ƙara nauyinsa na kansa, kamar kilo 80, da manya biyu, a ce kilo 150. An kusa rabin tan ke nan a kan fili da bai kai murabba'in mita biyu ba. Lissafin da injiniyoyi ke yi wa daɓen gidan zama kuwa wajen kilo 150 zuwa 200 ne a kowane murabba'in mita. A ƙasa, kan kankaren da aka zuba bisa cikon da ya daddanu, babu damuwa. A bene, dekin mai kaurin santimita 15 da rodi isasshe yakan ɗauka, musamman da yake bahon a kusurwa yake zama kusa da bango da bim, inda dekin ya fi ƙarfi. Amma banɗakin da aka fitar a kan baranda mai reto, ko tsohon bene mai azara ko katako, ko ginin da ba a san irin rodin da aka sa masa ba, wannan sai injiniyan gini ya gani da idonsa. 

Abin da aka fi mantawa shi ne nauyin ba shimfiɗe yake sauka ba, ta ƙafafu yake bi. Kilo 480 a kan ƙafa takwas, kowace na ɗauke da kilo 60 a wuri kamar faɗin kwabo. In tayil ɗin da ke ƙarƙashinta yana da rami, wato mai tayil ya ɗiga siminti a tsakiya da kusurwoyi kawai ya manna, zai fashe, ƙafar ta nutse, bahon ya karkace. A ƙwanƙwasa kowane tayil da gindin sukundireba, mai ƙarar ƙwarya a cire shi a sake. A sa ɗan farantin ƙarfe ko roba mai tauri a ƙarƙashin kowace ƙafa. Daga nan a ɗora lebur, ma'aunin nan na magina mai kumfa, a kan baki ta ɓangarori uku, ana murza ƙafafu har kumfar ta tsaya a tsakiya, sannan a ɗaure notin kulle na kowace ƙafa. Ƙafar tsakiya, wadda ke ƙarƙashin inda ake zama, ita ce hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ita ce kuma masu haɗi ke bari tana reto. Bahon da aka bar shi haka yana ƙara in an shiga, gindinsa yana motsi kaɗan-kaɗan kullum, har wata rana siririn tsagi ya fito kusa da magudana.

Akwai irin da ba shi da firam, wanda ake ginawa gurbi da bulo a zura shi ciki. Shi sai an yi masa shimfiɗar kwaɓi: yashi kwano huɗu, siminti ɗaya, ruwa kaɗan yadda in an dunƙula zai tsaya, kauri santimita 3 zuwa 5. A rufe kwaɓin da leda, a sauke bahon a danna har bakinsa ya kusa taɓa gini, a duba lebur, a bar shi kwana ɗaya ba a taka ba. Gindi ne ke ɗaukar kaya, baki ba ya ɗauka. Duk bahon da aka rataya ta baki a kan bulo, gindinsa a iska, bakin ne zai tsage. A bar tazarar milimita 3 tsakanin baki da tayil, a cika ta da silikon mai hana baƙin danshi, kuma a cika bahon da ruwa kafin a shafa, a bar ruwan har silikon ya bushe. In aka shafa baho babu ruwa, ranar da aka cika shi zai ɗan sauka ya yage silikon ɗin.

Kuma don Allah a bar ƙofar duba inji. Birkiloli suna son rufe ko'ina da tayil don ya yi kyau, sai ranar da inji ya tsaya a zo da guduma. Ƙofa mai santimita 40 a kowane gefe, daidai saitin inji, da ake ɗaure ta da sukuru, ta isa a zare injin gaba ɗaya. Tana kuma bukatar 'yan ramukan shan iska, don injin da iska yake hucewa.

Wuta

Nan ne ya kamata mai gida ya tsaya da kansa, ko da bai san komai a lantarki ba. Bahon yakan zo da gajeriyar waya da fulogi, kuma abin da mai haɗin shago ya saba yi shi ne ya ja waya daga soket ɗin hita ko na ɗakin kwana, ya kafa soket a bango kusa da baho, ya soka. Inji ya tashi, ruwa ya yi tsalle, kowa ya yi murna. Wannan haɗin zai iya kashe mutum. Fatar da ta jiƙe ba ta tare wuta kamar busasshiya, kuma abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya birkita bugun zuciya. Birekar gida mai amfiya 16 ko 20 ba ta ma san an yi ba, ita aikinta kare waya daga ƙonewa.

Abin da ke kare mutum shi ne na'urar yanke wuta da ake kira RCD, mai miliamfiya 30. Tana auna wutar da ta fita ta jar waya da wadda ta dawo ta nutural, in ta ga an samu gibi, alamar wuta ta bi ta ruwa ko ta jikin wani, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Tsarin da ya dace shi ne layi na musamman daga akwatin rarraba wuta zuwa baho, babu abin da ya rataya a kansa, da bireka da RCD, ko RCBO wadda ta haɗa aikin biyun. A hanya a sa makunni mai yanke waya biyu, a wajen banɗaki. Daga nan waya ta shiga akwatin haɗi mai hana ruwa a ƙarƙashin baho, a ɗaure shi a bango sama da daɓe da kamar santimita 20 zuwa 30, yadda ko ruwa ya malala ba zai kai shi ba. Wasu bahunan suna zuwa da 'yar RCD a jikin wayarsu. Tana da amfani, amma ba ta kare wayar da ke bayanta, don haka ba ta maye gurbin ta cikin akwati.

Kaurin waya lissafi ne. A kan bolt 230, injin wat 750 yana jan amfiya 4 zuwa 5, yana ninka haka sau da yawa a daƙiƙar tashi. Hita mai wat 1500 tana jan 6.5, jimla ƙasa da 12: waya mai milimita 2.5 da bireka 16 sun isa. In hitar mai wat 3000 ce, ita kaɗai amfiya 13 ce, da inji an kai 18, sai waya mai milimita 4 da bireka 20 ko 25. Wayar ta zama jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da ta alminiyon da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana a mayar da ita, don tana zafi, tana kuma sassautawa a wurin ɗauri.

Ƙa'idar Ingila ta BS 7671, wadda masu aikin wuta a Nijeriya suka fi bi, ta raba banɗaki shiyya-shiyya. Cikin baho shiyya ta 0 ce. Samansa har tsayin mita 2.25 shiyya ta 1. Santimita 60 daga bakinsa shiyya ta 2. Duk fitila ko fankar zuƙe tururi da za ta zauna a ta 1 ko ta 2 sai mai lambar jure fantsamar ruwa ta IPX4 ko sama. Soket na yau da kullum kuwa ba a yarda da shi ba sai ya yi nisan mita 2.5 daga shiyya ta 1, a da ma mita 3 ne kafin gyaran 2022. Banɗakunan gidajenmu kaɗan ne suka kai wannan faɗin, ma'ana babu soket a ciki ke nan.

Sai atin, wato haɗin da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa. RCD tana aiki sosai ne in akwai hanyar da wutar da ta ɓalle za ta bi zuwa ƙasa tun kafin mutum ya taɓa. Gidaje da yawa wayar atin ɗinsu a cikin akwati ta ƙare, ba ta je ko'ina ba, wasu kuma an binne guntun rodi an ce an yi. A kafa sandar atin mai rufin jan ƙarfe, mita 1.2 zuwa 1.8, a wuri mai danshi, a auna ta da na'urar awon atin, kada awon ya haura om 200, in ta yi ƙasa da haka sosai ya fi. A Arewa lokacin rani ya fi dacewa a auna, don ƙasar da ta ba da lamba mai kyau a Agusta tana iya ninkawa a Maris in ta bushe. Firam ɗin baho, jikin inji, da duk bututun ƙarfe da ke banɗakin a haɗe su da koriyar waya mai milimita 4 zuwa atin. Wani tarko kuma: in bahon ya zo da fulogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu, atin ɗinsa a gefe yake. Da an cusa shi a soket mai rami uku irin na Nijeriya, inji zai tashi amma babu atin sam.

Janareta da inbata suna da nasu. Ƙananan janareta da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da atin ba, kuma a irin wannan hali RCD ba lallai ta yanke yadda ake zato ba. Abin da ke ruɗar mutane shi ne in an danna maɓallin gwajinta tana faɗuwa, domin gwajin a cikinta yake zagayawa. Sai mai aikin wuta, wanda ya fi dacewa ya zama mai lasisin NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin wuta a Nijeriya, ya haɗa nutural da atin a wurin da ya dace, ya kuma gwada da na'urar gwajin RCD a kan wutar Nefa, a kan janareta, a kan inbata, kowanne daban. Wuta maras ƙarfi ma tana kashe inji: in ta sauka ƙasa da bolt 200 sai ya yi ta gurnani yana zafi har kwayil ya ƙone, don haka inda wuta ke yawan rauni a sa sitabilaiza. Wanda aka kawo masa baho daga Amurka ya duba farantin inji. Nasu bolt 120 ne da hez 60 (hez shi ne saurin juyin wuta, namu 50 ne), taransifoma za ta gyara bolt amma ba ta gyara hez, injin zai yi gudu ƙasa da nasa da kashi ɗaya cikin shida. Sauya injin ya fi sauƙi.

Ruwan da zai cika shi

Masu shago kan ce hitar jikin baho tana dafa ruwa. Ba ta dafawa, riƙe ɗumi take yi, kuma sai inji na aiki. Ɗaga lita 250 daga digiri 25 zuwa 38 yana cin wajen yunit 3.8 na wuta, hitar wat 1500 sai ta yi awa biyu da rabi. Ruwan zafi daga hitar bango zai fito. In tana kai digiri 65, ana bukatar kusan lita 80 na zafi a gauraya. A hunturu, in ruwan tanki ya sauka zuwa digiri 18, abin ya haura lita 100. Hitar lita 30 ko 50 da ke yawancin banɗakuna ba za ta kai ko'ina ba, sai mai lita 100 ko ta hasken rana. Kada kuma zafin wanka ya wuce digiri 40. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su tambayi likita, yara kuma ba a barinsu su kaɗai, ba a kuma kunna inji in murfin bakin zuƙo ruwa ya fashe, don yana kama gashi.

Tankin da ke mita 3 sama da famfo ƙarfin ruwansa bai wuce 0.3 ba a ma'aunin matsin ruwa na bar. Da bututun rabin inci, cika bahon zai iya cin rabin awa, ruwan yana hucewa. A ja bututu mai inci uku bisa huɗu, a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfi, da bawul a layin zafi da na sanyi inda hannu zai kai. Mai ruwan burtsatse ya sa matata kafin baho, yashi yana cinye sil ɗin inji, wato zoben da ke hana shi yoyo. Robar magudanar da ke cikin kwali a ajiye ta gefe: tana tara gashi da dauɗa a lanƙwasarta, tana kuma zamewa. A yi magudanar da bututu mai tauri na milimita 40 ko 50, da tarkon wari, da gangara santimita 2 a kowace mita. A tuna kuma kowane wanka fiye da duro guda ne ke tafiya sokawe.

Ba a kunna inji sai ruwa ya haura bakin feshi mafi tsayi da santimita 3 zuwa 5. Minti kaɗan a bushe ya isa ya ƙona sil, daga nan sai ɗiga a ƙarƙashin inji. Sabulu mai kumfa, man wanka da dilka duk ba na cikin jakuzi ba ne: kumfa tana ambaliya, mai yana manne wa bututu, garin dilka yana toshe ƙananan bakuna. Lalle kuma yana rina akirilik, amarya ta wanke shi a wani wurin. Ruwan da ke kwana a bututu yana yin yauƙi, kuma ƙwayar Legionella mai kawo ciwon huhu tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45, daidai yanayin ƙarƙashin baho a ƙasarmu. Sau ɗaya a wata a cika da ruwan ɗumi, a zuba maganin wanke bututun jakuzi, ko rabin kofin bilic in takardar kamfanin ta yarda, a kunna minti 15, a zubar, a sake cikawa da ruwan sanyi a kunna minti 10. In baƙaƙen ɓarɓashi na fitowa daga bakunan feshi, an makara, a maimaita har ruwa ya fito fes. Soso mai kaushi da garin goge tukunya suna kashe ƙyallin jikinsa, tsumma mai laushi da sabulun ruwa sun isa.

Haɗin kyauta da shaguna ke bayarwa yawanci mutum ɗaya ne zai zo da filaya da gam, ya gama cikin awa uku. A karɓe shi don ɗauko kaya da jera firam, amma wuta a ba mai wuta, a kuma riƙe cikon kuɗi har an yi gwaji. Gwajin shi ne a cika bahon har bakin rarar ruwa, murfin gaba a buɗe, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi, a kunna inji minti 20, sannan a bar ruwan ya kwana. Da safe a zaro kwalin a duba, a shafa hannu a mahaɗan inji biyu da gindin kowane bakin feshi da kewayen magudana. A ranar sayen kuma a karɓi kafasita ɗaya da sil ɗaya na irin injin a ajiye, a ɗauki hoton farantin da ke jikinsa kafin a rufe murfi.